Binciken Alƙali Kan Mutuwa da Ƙorafin Iyali a Kan Asibiti

'Yan'uwa, sau da yawa mukan ji wannan magana a gidan makoki: "An kai ta asibiti tana magana, da safe aka ce ta tafi, ba wanda ya yi mana bayani." Sai wani dattijo ya ce a bar wa Allah. Barin abu ga Allah bai hana a nemi sanin gaskiya ba, kuma dokar ƙasa ta tanadi hanyar nemanta.

Hanyar ita ce binciken musabbabin mutuwa. Wanda ke gudanar da shi ana kiransa korona (ba ruwansa da cutar 2020), kuma a jihohinmu na Arewa majistare ne ke riƙe wannan matsayi. Idan mutuwa ta zo farat ɗaya ko da alamar tambaya, ana sanar da 'yan sanda, su kai masa rahoto. Yana da ikon sa likita ya binciki gawa, ya kira shaidu, har ya sa a tono wanda aka riga aka binne. Tambayoyinsa kaɗan ne: wane ne ya mutu, yaushe, a ina, ta yaya. Ba ya yanka diyya, ba ya ɗaure likita, ba ya ƙwace lasisi. Amma abin da ya gano yakan zama ƙashin bayan duk ƙorafin da zai biyo baya.

Matsalar ita ce lokaci. A Mandawari da sauran unguwannin cikin birnin Kano, wanda ya rasu da asuba akan kai shi makwancinsa kafin azahar, bisa koyarwar addinin maƙwabtanmu Musulmi. Iyalin da ke da shakka a can sa'o'i kaɗan gare su su yi magana. Mu da ke ajiye gawa a mutuware har dangi su iso daga ƙauye mukan ɗauka muna da sarari. Ba lallai ba. Da zarar an yi wa gawa allurar hana ruɓewa, gano maganin da ke cikin jini ya zama da wuya. Wato mu ma a ranar farko ake yanke maganar, tun kafin kwamitin jana'iza ya zauna.

Abin da ya faru a Legas ya isa misali. Mawaƙi Mohbad ya rasu ranar 12 ga Satumba 2023 bayan allurar da aka yi masa a gida, aka binne shi washegari. An tono shi ranar 21 ga watan, amma daga baya likitan binciken gawa ya shaida wa korona cewa jikin ya riga ya lalace, ba a iya tantance musabbabin ba. Sai a Yuli 2025 alƙaliyar ta ba da shawarar a gurfanar da wadda ta yi allurar. Kusan shekara biyu ke nan.

Saboda haka kada iyali su naɗe hannu suna jiran korona. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba kowa 'yancin kai ƙorafi kan yadda aka kula da shi a asibiti. A rubuta wa shugaban asibitin. Idan na jiha ne, a aika kwafi ga Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano. Ladabtar da likita kuwa aikin MDCN ne, majalisar likitoci ta ƙasa, wadda ke da kwamitin bincike da kotunta. Mai yiwuwa asibiti ya ce ba zai amsa ba sai alƙali ya gama. To, amma takardar ta shiga da kwanan wata a kanta. Mai tunanin kai ƙarar asibitin gwamnati ya ga lauya da wuri, domin akwai dokar kare jami'an gwamnati da ke taƙaita lokacin shigar da ƙara zuwa wata uku.

Mu sani kuma, binciken na iya wanke asibitin sarai. Iyalin da suka nema su shirya karɓar wannan ma.

Fasto ko dattijon ikilisiya da aka kira cikin dare, bayan addu'a, ya tambayi iyalin a hankali ko suna da shakka. In suna da ita, a gaya wa ma'aikatan mutuware su dakata da allura, a tattara katin asibiti, rasit da kwalayen magani, wanda ya yi jinya kuma ya rubuta abin da ya gani da lokutansa tun bai manta ba.