Rama da Wiwi: Kama da Wane Ba Ta Wane

Da damina akan ga rama a bayan gidaje a Unguwar Gano da sauran unguwannin Tarauni. Ganyenta mai yatsu ya yi kama da na wiwi, shi ya sa masana tsirrai suka raɗa mata suna Hibiscus cannabinus. Amma bambancinsu a fili yake. Rama tana da babban fure mai jan ciki, da ganye mai tsami da ake kwaɗo da shi. Wiwi kuwa furanninta ƙanana ne, ga wari mai ƙarfi.

Wajibi ne magidanci ya san abin da ya tsiro a gidansa, domin dokar soja ta 1966 ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai shuka wiwi. An sassauta hukuncin a 1975, amma har yau babban laifi ne.