Likita ma yana gajiya

A ƙasar Faransa, cikin watannin Yuli da Agusta ne likitoci da yawa suke ɗaukar hutu, su sarara, su dubi halin da suke ciki. A nan Nijar kuwa damina ce: masassarar cizon sauro tana kayar da yara, tamowa tana ƙaruwa domin hatsi ya ƙare a rumbu, asibitocin Maradi da Damagaram su cika maƙil. Da bazara kuma ga sanƙarau, irin wanda ya yi ɓarna a 1995.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana alamu 3 na gajiyar aiki mai tsanani: ƙarewar ƙarfi, fitar aikin daga rai, da raguwar ƙwazo. Wanda ya kai haka yana iya kuskure wajen auna magani, kuma ɗanmu ne a gabansa.

A ganinmu, bayan kaka, farkon ɗari, shi ne lokacin da ya kamata shugabanni su ba malaman asibiti hutu bi da bi. Mu kuma iyaye, mu kai yaro tun ranar da jikinsa ya yi zafi, kada mu jira tsakar dare.