Tsohon Kabon na Teku da Matsalar Ƙididdige Shekarun Kayan Tarihi

Hanyar gano shekarun abin da ya taɓa rayuwa ta sinadarin kabon-14, wadda Willard Libby ya samar a Jami'ar Shikago a ƙarshen shekarun 1940 har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Nobel a 1960, ta ginu ne a kan wata ƙa'ida mai sauƙin fahimta. Kabon-14 nau'in kabon ne da ba ya dawwama, yana samuwa can sama idan haskoki daga sararin samaniya suka bugi naitirojin, sannan ya gauraya da iska, tsirrai su shaƙe shi, dabbobi da mutane kuma su same shi ta abin da suke ci. Da zarar rai ya fita sai shigarsa jiki ta tsaya, wanda ke ciki kuma ya yi ta raguwa, ta yadda rabinsa ke gushewa a duk shekara 5,730 ko kusa da haka, saboda haka idan aka auna abin da ya rage a gawayi ko ƙashi ko ƙwayar hatsi, ana iya lissafa tsawon lokacin da ya wuce tun mutuwar abin.

Sai dai wannan lissafi yana ɗauka cewa abin da aka auna ya samu kabon ɗinsa ne kai tsaye daga iskar zamaninsa, kuma wannan zato ba ya tsayuwa a cikin teku. Kabon da ke narke a teku ya ninka na iska kusan sau 50, kuma fuskar ruwan ce kaɗai ke musayar kabon da iska, alhali ruwan can ƙasa yana iya shafe shekara 1,000 ko fiye yana kewaya duniya bai haɗu da iska ba, kabon-14 ɗinsa yana ta ƙarewa ba tare da sabo ya shigo ba. Tekun dai tamkar rumbu ne da ake zuba sabon hatsi a kan na shekarun baya, duk wanda ya ɗiba zai fito da gauraye. Kifi ko kawa ko murjanin da ya gina jikinsa da wannan ruwa zai nuna tsufa tun yana raye, kuma an daɗe ana ƙiyasta wannan tsufan aro da kimanin shekara 400 a matsakaicin lissafi na duniya.

Da a ce adadin ɗaya ne a ko'ina, da aikin bai wuce a cire 400 daga kowane sakamako ba. Amma a gaɓar Peru da Kalifoniya da Namibiya da Muritaniya, iska tana kore ruwan sama daga bakin gaɓa, sai tsohon ruwa mai sanyi ya taso daga zurfi ya maye gurbinsa, don haka halittun wuraren sukan nuna tsufan da ya zarce matsakaicin, a kewayen Antatika kuwa, inda ƙanƙara ma ke rufe fuskar ruwa, tsufan aron yana haura shekara 1,000. Wannan ne ya sa a 1986 Minze Stuiver da abokan aikinsa suka raba gyaran gida biyu: na farko shi ne jadawalin teku na duniya baki ɗaya, wanda ake lissafawa daga tarihin kabon-14 na iska, na biyu kuma shi ne ragi ko ƙarin da ya keɓanta da kowane yanki, wanda masana ke kira Delta-R.

Samun Delta-R na wani yanki yana buƙatar abin teku da aka san shekarunsa ta wata hanya dabam, kuma a nan ne tsoffin gidajen adana kayan tarihi suka yi rana. Ana neman ɓawon kawa ko katantanwar teku da masu tara halittu suka kama da rai, suka rubuta wuri da shekara, kafin tsakiyar shekarun 1950, domin gwaje-gwajen makaman nukiliya da suka biyo baya sun kusan ninka kabon-14 na iskar arewacin duniya zuwa tsakiyar shekarun 1960, abin da ya gurɓata ma'aunin duk abin da ya rayu daga baya. Wata hanyar ita ce a samu ɓawo da ƙonanniyar ƙwayar hatsi a shimfiɗa ɗaya ta ƙasa a kufai, a auna su tare, a lissafa gyaran daga tazarar da ke tsakaninsu. Ƙwayar hatsi ta fi gawayi aminci a nan, domin gawayin yana iya fitowa daga tsohuwar bishiyar da ta girmi masu ƙona ta da ɗaruruwan shekaru. Paula Reimer da Ron Reimer sun tattara irin waɗannan ma'aunai a wani kundi na intanet tun 2001.

Ko da an samu adadin, bai kamata a ɗauke shi a matsayin abin da ba ya motsi ba, tun da yake igiyoyin ruwa da ƙarfin iska suna sauyawa daga zamani zuwa zamani, kuma ɓawon da aka kama a ƙarni na 19 ba lalle ne ya wakilci tekun shekara 8,000 da suka wuce ba. Jadawalin duniyar ma ya sauya: wanda aka fitar a 2020, mai suna Marine20, ya ɗaga matsakaicin zuwa wajen shekara 550, masu haɗa shi kuma suka yi kashedin cewa bai dace da tekunan da ke kusa da ƙarshen arewa da ƙarshen kudu na duniya ba. Duk mai bincike da ya haɗa tsohon Delta-R da sabon jadawali zai fito da kuskure, alhali alƙalumansa suna da kamannin inganci.

Matsalar ba ta tsaya a ruwa ba, tana bin abinci har cikin ƙashin mutum. A garin Repton na Ingila an tono tarin ƙasusuwan mutum aƙalla 264 da ake kyautata zaton na rundunar Baikin ne da ta yi zaman hunturu a can a 873 zuwa 874, amma ma'aunan farko suka mayar da wasu daga cikinsu ƙarni na 7 da na 8, har aka fara ganin kamar ƙasusuwan zamanai dabam-dabam aka tara wuri ɗaya. A 2018 Catrine Jarman ta Jami'ar Bristol da abokan aikinta suka yi la'akari da wasu nau'o'in kabon da naitirojin da ke nuna yawan abincin tekun da mutum ya ci, suka yi gyara gwargwadon hakan, sai shekarun suka dace da ƙarshen ƙarni na 9. Irin wannan gyara aka yi wa ƙasusuwan Sarki Richard na Uku da aka gano a Lesta a 2012, waɗanda da farko suka nuna mutuwa tun kafin 1485, shekarar da aka kashe shi a fagen yaƙi. Ruwan tafki da na kogi ma yana da tasa matsalar, musamman inda ya ratsa dutsen farar ƙasa, wanda kabon ɗinsa ya tsufa har babu sauran kabon-14 a cikinsa.

Afirka ta Yamma tana da ruwa da tsaki a wannan batu. A mashigar kogin Salum ta Senegal akwai tuddai 218 na ɓawon halittun teku da mutane suka tara cikin ƙarnoni masu yawa, wasu har an mayar da su maƙabartu, kuma UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2011. Tarihin mazauna irin waɗannan wurare ya dogara ƙwarai da auna ɓawo, ga shi kuma gaɓar tana maƙwabtaka da inda tsohon ruwa ke tasowa. Maurice Ndeye na ɗakin gwajin kabon-14 da Cheikh Anta Diop ya kafa a Dakar a shekarun 1960 ya wallafa ma'aunan gaɓar arewacin Senegal da Muritaniya a 2008, amma har yanzu ma'aunan gaɓar Afirka ba su kai na Turai yawa ba. Muddin ba a cike wannan giɓi ba, duk shekarar da aka fitar daga ɓawo ko ƙashin mai cin kifi a yankin tana buƙatar a bayyana wane gyara aka yi mata da inda aka samo shi kafin a gina tarihi a kanta.