Gidajen Teku a Cikin Kwamfuta

Manomin gero a Batsari ko Safana wataƙila bai taɓa ganin teku ba, amma ruwan da yake jira ya yi shuka daga can yake tasowa. Iskar damina ce ke ɗebo danshi daga Tekun Atlantika, ta ratso gaɓar Gini ta nufo arewa. Tun a 1986 masana yanayi a Ingila suka nuna cewa ɗumin saman teku na da hannu a irin farin da ya gallabi ƙasashen Sahel a 1973 da 1984. Shi ya sa masu hasashen damina, har da hukumar NiMet, ba sa ɗauke ido daga teku.

A kwamfuta ana yanka teku gida-gida, kamar gurbin dara, kowane gida da lissafin zafinsa da gishirinsa da gudun ruwansa. Sai dai gidajen ba girmansu ɗaya ba. Duniya kamar ƙwarya take, kuma duk wanda ya kifa ƙwarya ya lulluɓa mata tabarma ya san sai ta tattare. A tsakiyar duniya, faɗin digiri ɗaya daga gabas zuwa yamma ya kai kilomita 111. A digiri 60 arewa ya koma rabi. A ƙuryar arewa kuwa layukan da suka yanka gidajen daga kudu zuwa arewa duk sun haɗe wuri guda, lissafi ya cije. Masu manhajar NEMO ta Turai sai suka yi dabara: suka raba mahaɗar biyu, ɗaya a Kanada, ɗaya a Sibiriya, inda babu ruwan da za a lissafa.

To, wajen zana taswira ake yin ta. Idan aka ba manhaja lambobin kawai, sai ta jera su daidai wa daida, gaɓar teku ta karkace, ƙaramin gida ya kumbura. Dole kowane gida ya zo da adireshinsa. Manhajoji irin su Panoply ta hukumar NASA suna karanta wannan daga fayil ɗin da ke ɗauke da lambobin, mai suna netCDF, kafin su shafa launi.

Haka ma wajen fitar da matsakaicin zafi. Mai gona kadada biyar a Runka da mai rabin kadada a bayan gari, ba wanda zai ce damin da suka samu ya zo ɗaya don kowa gona ɗaya gare shi. Sai an auna faɗin kowace tukuna, haka ma gidajen teku.