Ruwa ma yana da shekaru

Kun san in aka yi ta jan guga, ruwan rijiya yakan ja baya, sannan wani ya tsattsafo daga gefe ya maye gurbinsa. Haka yake faruwa in mutane suka huda dutse don su yi hanya a ƙarƙashin ƙasa. Ramin yakan zama kamar wata babbar rijiya kwance, wadda ake kwarfewa dare da rana.

A ƙasar Suwed, can arewacin Turai, akwai wani tsibiri mai suna Espo a bakin tekun Baltik. Daga 1990 zuwa 1995 aka haƙa rami a wurin, mai tsawon kilometir 3 da metir 600. Zurfinsa ya kai wajen metir 450. Masana ne suke son su san ko dutse zai iya tsare dattin uraniyom, wannan ma'adini da ake samu a Arlit, bayan an ba da lantarki da shi.

Ruwan da ke cikin tsagar dutsen ba iri ɗaya ba ne. Na sama ruwan sama ne, sabo, mai daɗi. A ƙasa da shi akwai ruwan ƙanƙarar da ta narke shekara 10.000 da wani abu da suka wuce. Can ƙasa kuma akwai wanda ya fi tsufa, mai zartsi ƙwarai. Da can ruwayen nan ba su motsi sai a hankali. Da ramin ya zo, sai ya jawo ruwan teku da na sama zuwa ƙasa, tsohon kuma ya hau, suka gauraya.

Yaya ake gane shekarun ruwa, tun da ba shi da furfura? Bama-baman nukiliya da aka gwada a sararin sama, musamman tsakanin 1952 da 1963, sun bar wata alama cikin ruwan sama, sunanta tiritiyom. In an same ta da yawa a ƙasan rami, to, ruwan nan bai daɗe da shiga ƙasa ba.

Iska ma tana da nata aiki. In ruwa ya janye, takan shiga inda ya bari, ta taɓa duwatsu masu farar wuta, ruwan ya yi tsami.

Manoman Halandos, a kudancin Suwed, sun ga abin da idonsu. An fara huda tudunsu a 1992 don jirgin ƙasa. Rijiyoyi suka ƙafe. Ma'aikata suka ɗura wani magani cikin tsagar dutse don su toshe ruwan, ashe da guba a ciki. A 1997 kifaye suka mutu a rafi, shanun da suka sha ruwan ƙafafunsu suka shanye. Aka tsai da aiki shekaru. Jirgi bai fara bin hanyar ba sai a 2015.