Ɗakin Baƙo a Dutse: Ƙofarsa da Kuɗinsa

Sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991, aka mai da Dutse babban birninta, ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Kano, ga shi kuwa garin ba shi da ɗakunan da za su ɗauke su. Tun daga lokacin ne mutanen Dutse da na ƙauyukan kewaye suka gane ɗaki ma gona ne. Aka buɗe Jami'ar Tarayya a 2011, filin jirgin sama ya biyo baya a 2014. Ga masu bautar ƙasa da ake kawowa sansanin Fanisau, ga masu jinya a asibitin Rasheed Shekoni, ga masu zuwa kallon hawan salla a Garu, ga fataken da ke cin kasuwar Shuwarin. Yawancinsu ba hayar shekara suke nema ba. Kwana biyu ne, ko mako guda, su kama hanya.

Waɗansu 'yan'uwanmu sun gyara shago ko ɗakin soro suna ba irin waɗannan baƙi, muna kuwa murna da haka, gama kuɗin yakan sayi taki, ya biya makarantar yara a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Amma ƙorafi iri biyu sun yawaita a kunnenmu. Na fari, baƙo ya ce an shiga masa ɗaki ko an baza maganarsa a unguwa. Na biyu, ya ce ya ba da kuɗi, tafiya ta fasa, an hana shi ko kwabo.

Saukar da baƙo don kuɗi ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. A zamanin fataucin goro da shanu kowane zango yana da fatoma, watau mai masaukin da ke karɓar falke, ya ba shi wurin kwana, ya adana masa kaya da kuɗi, ya nemo masa mai saye, ya ɗauki la'adarsa. Jarin fatoma duka amana ce. In aka ji ya taɓa buɗe jakar baƙo, ko ya faɗa wa wani yawan abin da falke ya zo da shi, to, baɗi ayari zai wuce ƙofarsa. Mai ɗaki na yau ya gaji sana'ar fatoma, sai dai sau da yawa bai gaji ladabinta ba.

Abin da yakan rikitar da mu shi ne tunanin cewa gidana ne, ina da ikon shiga inda na ga dama. Ba haka ba ne. Ran da ka karɓi kuɗin mutum, ɗakin ya zama gidansa har kwanakinsa su cika. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tsare sirrin ɗan ƙasa, da na gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Tun ma kafin tsarin mulki, wa ya taɓa shiga ɗakin mutum ba sallama? Maƙwabtanmu Musulmi suna da wannan umarni a Suratun Nur. Mu ma muna da labarin matar nan ta Shunem a 2 Sarakuna sura 4, wadda ta gina wa annabi Elisha ɗan ɗaki a kan soro, ta sa masa gado da tebur da kujera da fitila. Mai karatu ya lura, sa'ad da Elisha ya sa aka kira ta, a bakin ƙofa ta tsaya, ko da yake ita ta gina ɗakin.

Saboda haka ɗakin baƙo yana bukatar sakata ta ciki, da labule mai kauri a taga, da makewayi mai ƙofa. In mai gida yana riƙe da mabuɗi na biyu, ya faɗa tun ran fari, kada kuma ya yi amfani da shi sai don gobara ko ciwo ko abin da ya yi kama da su. Shara ma sai an tambaya. Kada a aiki yara su leƙa, kada uwargida ta zauna a bakin rijiya tana lissafa wa mata abin da ta gani a akwatin baƙuwa. Wannan na ƙarshe ya fi yawa a cikinmu, ya kuma fi ciwo, musamman ga wanda ya kawo mara lafiya ba ya so a san irin cutar.

Akwai kuma sabuwar fitina, watau kyamara. Yanzu ana sayar da ƙanana waɗanda za a ɓoye a cikin ƙwan lantarki. Kamfanin Airbnb, wanda ya fara a Amurka a 2008 yana haɗa masu ɗaki da matafiya ta intanet, ya daɗe yana yarda da kyamara a falo in an sanar da baƙo. Da ƙorafi ya yi yawa, daga 30 ga Afrilu 2024 ya hana kyamara a cikin gida ɗungum. A ganinmu wannan daidai ne. In kana tsoron ɓarayi, sa kyamararka a ƙofar gida, ka nuna wa baƙo inda take. A ɗakin kwana ko makewayi kuwa, babu wani dalili da zai wanke mai yin haka.

Kada a ce mun manta da halin tsaro. Ba mu ce a saukar da mutum ba a san ko wane ne ba. Daidai ne a ga katin shaidarsa, a rubuta sunansa da garinsu a littafi, a kuma sanar da mai unguwa cewa akwai baƙo a gidan. Sanar da mai unguwa dabam, tallata mutum a majalisar shayi dabam. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta tsaya a kan ƙa'ida mai sauƙi: karɓi abin da kake bukata kaɗai, don dalilin da ka faɗa, kada ka riƙe shi bayan amfaninsa ya wuce. Hoton katin baƙo da lambar wayarsa ba abin turawa a WhatsApp ba ne. Haka nan in gidanka yana da doka, misali ba a shigo da giya, ko ba a kawo wanda ba a rubuta sunansa ba, ko ana kulle ƙofa da ƙarfe goma, faɗe ta kafin kuɗi ya shiga hannunka. Dokar da aka fito da ita bayan an biya, neman faɗa ce.

Sai maganar kuɗi. Mutum ya bugo waya daga Kaduna, ya aiko da kafin alƙalami don a tsare masa ɗaki na kwana uku, sa'an nan aka ɗaga bikin da zai zo. Mai ɗaki ya ce kuɗi in ya shiga ba ya fita. Mutane da yawa suna tsammani wannan magana doka ce. Ba doka ba ce. Dokar kare masu saye ta tarayya, ta 2018, ta ce a sashe na 120 wanda ya kama wuri tun da wuri yana da ikon fasawa, mai wurin kuma yana da ikon cire abin da ya dace kaɗai. Wajen auna abin da ya dace ana duba tsawon sanarwar da aka ba shi, da ko zai iya samun wani baƙo in ya yi ƙoƙari, da abin da aka saba yi a sana'ar. In mutuwa ce ko kwanciya a asibiti ta hana wanda aka kama wa wurin zuwa, ba a cire kome. A 2022 Babbar Kotun Jihar Enugu ta yanke wa kamfanin motoci na Peace Mass Transit hukunci a kan irin wannan ka'ida ta ba a mayar da kuɗi, ta ce ta saɓa wa doka, ta kuma sa ya biya fasinjan diyyar Naira 500,000.

Mu auna da hankali. Wanda ya sanar mako biyu kafin ranar, a lokacin da gari ke cike da masu neman ɗaki, bai jawo maka hasarar kome ba, sai ka mayar masa da kuɗinsa. Wanda ya yi shiru har daren ranar, bayan ka sallami mutum biyu saboda shi, ka sayi man janareta, ka ɗebo ruwa, to, riƙe kuɗin daren fari ba zalunci ba ne. Baƙi ma su ji wannan, gama mai ɗaki ba gwamnati ba ne, da wannan ɗan kuɗin yake cefane. Amma in laifin daga gare ka ne, ka ce akwai ruwa da wuta aka tarar babu, ko ka ba wani ɗakin don ya fi tsoka, ko baƙo ya tashi saboda ya kama ana leƙensa, sai ka mayar da kuɗin kwanakin da bai kwana ba, ba tare da ja-in-ja ba.

Kuɗin ajiya da ake karɓa saboda ɓarna shi ma amana ne, ba riba ba. A zaga ɗakin tare ran shiga, a ƙirga kaya, a sake zagawa ran fita. In tulu ya fashe a cire kuɗin tulu, sauran a miƙa masa nan take.

Duk wannan takarda guda ta ishe shi. A rubuta kuɗin kwana, da abin da ke cikin ɗakin, da dokokin gida, da abin da za a mayar in an fasa da wuri ko a makare. Kowa ya riƙe kofi, ko a aika wa baƙo ta waya kafin ya turo kuɗi. Wanda bai iya rubutu ba ya nemi malamin makaranta ko sakataren ikilisiya ya rubuta masa sau ɗaya, ya yi ta amfani da ita. A kuma riƙa ba da rasit ko kuɗin kaɗan ne.

In duk da haka rigima ta tashi, a fara da dillalin da ya haɗa su in akwai shi, da dattawan ikilisiya ko mai unguwa, gama baƙo ba shi da kwanakin zaman kotu. In abin ya gagara, hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar ƙara ta intanet, kotun majistare kuma tana nan a Dutse. Duk inda aka je, abin da za a fara tambaya shi ne rasit da saƙonnin da aka yi musaya a waya, saboda haka kada a goge su sai baƙo ya isa gida lafiya, an kuma gama lissafi.