Hirar littattafai a birnin New York: daga rigimar 2002 zuwa majalisun masu karatu

A birnin New York na ƙasar Amurka, inda mutane sama da miliyan 8 ke zaune, ba kasafai baƙo ke yi wa baƙo magana ba. Amma akwai tambaya guda da takan buɗe bakin mutanen birnin, ko a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa ko a bakin kantin littattafai, ita ce: wane littafi kake karantawa? Galibin masu wannan hira ba malaman jami'a ba ne, ba kuma masu sharhi a jaridu ba. Ma'aikata ne da ɗalibai da 'yan fansho, masu karatu don nishaɗi, waɗanda ke son su ji ra'ayin wani game da labarin da ya hana su barci.

Sau biyu aka yi yunƙurin tattara wannan hira wuri guda, ta yadda birnin baki ɗaya zai karanta littafi ɗaya a lokaci ɗaya. Dabarar ta samo asali ne daga birnin Seattle a shekarar 1998, sannan Chicago ta ɗauka a 2001 da littafin To Kill a Mockingbird na Harper Lee. Ganin nasarar da aka samu a can, sai wani kwamiti na ma'aikatan ɗakunan karatu da masu sayar da littattafai da malamai ya zauna a New York a 2002 don yin zaɓe. An tsaya a kan littattafai biyu: Native Speaker na Chang-rae Lee, labarin wani ɗan asalin Koriya a birnin, da The Color of Water na James McBride, wanda ya ba da tarihin mahaifiyarsa Bayahudiya da ta auri baƙar fata. Littafin farko ne ya yi rinjaye, amma wata ƙungiyar mata da ke cikin kwamitin ta ja daga, ta rungumi na biyun. Daga ƙarshe shirin ya wargaje. Masu iya magana sun ce abincin wani gubar wani, kuma a birnin da ya tara al'ummomi daga kowace kusurwa ta duniya, zaɓar wa jama'a abin karantawa ya zama jan aiki.

Sai bayan shekaru 15 aka sake gwadawa, a wannan karo da wata dabara ta dabam. A 2017 ofishin magajin gari mai kula da kafofin watsa labarai da nishaɗi ya gabatar da littattafai biyar, ya bar wa jama'a su kaɗa ƙuri'a da kansu. Wanda ya yi nasara shi ne Americanah na marubuciyar Nijeriya Chimamanda Ngozi Adichie, wanda aka buga a 2013, labarin wata budurwa da ta bar Nijeriya zuwa Amurka, ta ɗanɗana zaman baƙunta da batun launin fata, sannan ta koma Legas. A 2018 jama'a sun zaɓi Manhattan Beach na Jennifer Egan, a 2019 kuma Just Kids na Patti Smith. Da annobar korona ta rufe ɗakunan karatu a 2020, sai ɗakin karatu na New York ya haɗa gwiwa da gidan rediyon WNYC aka ci gaba da tattaunawa daga gida. Littafin da aka fara da shi, Deacon King Kong, na James McBride ne, mutumin da aka yi rigima a kan littafinsa shekaru 18 kafin nan.

To amma tushen wannan al'ada ba a ofishin hukuma yake ba. Tun daga shekarun 1930 har zuwa 1974, kantin littattafai na Lewis Michaux a unguwar Harlem ya kasance majalisar baƙar fata, inda ake karatu ana muhawara, kuma Malcolm X ya sha yin jawabi a ƙofarsa. A 2015 Glory Edim, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, ta kafa ƙungiyar Well-Read Black Girl a Brooklyn, inda mata baƙar fata ke haɗuwa su tattauna littattafan da mata irinsu suka rubuta. A 2023 kuma wasu matasa suka ɓullo da Reading Rhythms, wani irin taro da kowa ke zuwa da littafinsa, a yi shiru ana karatu na wani lokaci, sannan kowa ya juya ga wanda ke kusa da shi ya gaya masa abin da yake karantawa. A nan ba a tilasta littafi guda, don haka babu abin da za a yi rigima a kansa sai ra'ayi.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A shekarun 1980 da 1990, lokacin da littattafan soyayya suka yi tashe a Kano, shagunan hayar littafi da aron da mata ke ba juna a cikin gidaje su ne suka yaɗa sunayen marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino. Littafi guda kan zaga hannaye da dama, kuma yabon ƙawa ko kushenta shi ke ɗaga littafi ko ya kayar da shi, ba talla ba.

Sai dai hira a kan littafi ba ta yiwuwa sai littafin ya shiga hannu, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Gundumar Bronx, mai mutane kimanin miliyan 1 da dubu 400, inda 'yan Afirka ta Yamma da dama suke zaune, ciki har da Hausawan Gana da Nijar da Nijeriya, ta rasa babban kantin littattafanta na Barnes & Noble bayan da aka ba da sanarwar rufe shi a 2016. Wata 'yar gundumar, Noëlle Santos, wadda ta shiga fafutikar hana rufe shi, ita ce ta buɗe kantin The Lit. Bar a 2019 don cike giɓin.

Ga wanda ba shi da halin saye kuwa, ɗakin karatu na jama'a shi ne madogara. Attajirin nan Andrew Carnegie ya ba da dala miliyan 5 da dubu 200 a 1901 don gina rassa 65 a birnin, kuma a yau hukumomin ɗakunan karatu uku na New York da Brooklyn da Queens suna da rassa fiye da 200. Amma shekara da shekaru tarar da ake ci wa wanda ya makara wajen mayar da littafi ta zama katanga, har aka toshe katunan aro na mutane kusan dubu 400, akasarinsu a unguwannin masu ƙaramin ƙarfi. A watan Oktoban 2021 hukumomin uku suka soke tarar, suka kuma yafe bashin da ake bin jama'a. Kazalika a ƙarshen 2023 tsuke bakin aljihun gwamnatin birnin ya sa aka daina buɗe ɗakunan karatu ranar Lahadi, ranar da ma'aikata da yawa ke samun sarari. Sai da jama'a suka yi ta ƙorafi kafin aka mayar da kimanin dala miliyan 58 a kasafin da aka zartar a 2024, aka sake buɗewa.

Abin da tarihin waɗannan shekaru ya nuna shi ne, mutanen New York ba sa buƙatar a zaɓa musu littafi kafin su yi hira a kansa. Abin da suke buƙata shi ne kanti a unguwarsu, da katin aro da ba a toshe ba, da ƙofar ɗakin karatu a buɗe a ranar hutunsu. Duk lokacin da majalisar birnin ta zauna kan kasafin kuɗi, makomar wannan hira na cikin abubuwan da ake yankewa.